Bitamin: Mene Ne Shi, Kuma Wane Aiki Yake Yi A Jikin Ɗan Adam?

Muna farawa da sunan Allah, muna roƙon tsira da aminci ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan'uwa, kalmar bitamin ta shiga bakin kowa a garuruwanmu. Mai jego tana cewa a sayo mata bitamin, saurayin da ya ga ya rame yana neman bitamin, mai tallan magani a tasha kuma yana da kwali guda da yake kira da wannan suna. Amma in ka tambayi mutum mene ne bitamin ɗin, sai ya ce maka maganin ƙarfi ne ko maganin ƙiba. Wannan gurguwar fahimta ta jawo mana asara ta fuska biyu. Wasu suna zubar da kuɗinsu a kan ƙwayoyin da ba su buƙata, har da masu cutarwa. Wasu kuma suna ɓoye ƴaƴansu idan ma'aikatan lafiya suka zo da ɗigon da zai tsare wa yaron idonsa, wani lokaci ma ransa. Jiki amana ce a hannunmu, ciyar da iyali kuma wajibi ne a kan mai gida, don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'ar masallatai da ɗalibanmu bayanin wannan al'amari daki-daki.

Mene ne bitamin?

Abincin da muke ci yana ɗauke da abubuwa iri-iri. Akwai masu ba da ƙarfi, kamar hatsi da rogo da mai. Akwai masu gina jiki, kamar nama da kifi da wake da ƙwai. Sannan akwai wasu sinadarai da jiki yake buƙata ɗan ƙanƙani ƙwarai, amma ba ya iya haɗa su da kansa gwargwadon buƙatarsa, dole sai sun shigo ta abinci. Daga cikin waɗannan ne bitamin yake.

Bitamin shi kansa ba ya ƙosarwa, ba ya ba da ƙarfi, ba ya sa ƙiba. Aikinsa kamar na baƙin mai ne a injin niƙa: ba shi ke tuƙa injin ba, amma in babu shi injin zai ci kansa. Da taimakonsa ne jiki yake juya tuwo ya zama ƙarfi, yake haɗa jini, yake gina ƙashi, yake warkar da rauni.

Masana sun ƙidaya bitamin guda 13. Huɗu suna narkewa a cikin mai, su ne A da D da E da K. Waɗannan jiki yana iya ajiye su a hanta da kitse na tsawon watanni, kuma saboda haka ne yawansu yake iya zama guba. Tara kuma suna narkewa a ruwa, su ne bitamin C da dangin B guda takwas. Yawancin waɗannan jiki ba ya ajiye su da yawa, rarar tana fita ta fitsari, don haka ana son mutum ya riƙa samunsu a kai a kai.

Domin a ga ƙanƙantar abin da ake buƙata: babban mutum yana buƙatar kimanin miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a rana, bitamin B12 kuwa maikirogiram 2.4 kacal. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Rashin wannan ɗan abin da ido ba ya gani yana iya kwantar da ƙato.

Yadda aka gano shi

Mutane sun san cututtukan tun kafin su san dalilinsu. Likitocin dā na Masar da Girka suna maganin dundumi da hantar dabba. Matuƙan jiragen ruwa na Turai, waɗanda suke yin watanni a teku suna cin busasshen burodi da nama mai gishiri, sun sha fama da wata cuta da ke sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su zube, tsohon rauni ya sake buɗewa. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya ɗauki marasa lafiya 12 a cikin jirgi, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni magani daban. Waɗanda aka ba lemo ne suka miƙe cikin ƴan kwanaki. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta wajabta ba ma'aikatanta ruwan lemon tsami.

A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba na Indunusiya, ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge tas suna kamuwa da shanyewar ƙafa irin wadda take kama mutane a can, kuma suna warkewa idan aka ba su shinkafa da dusarta. A 1912 Casimir Funk, masani ɗan ƙasar Polan da ke aiki a Landan, ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna daga kalmar Latin mai nufin rayuwa, kuma daga nan kalmar bitamin ta samo asali.

Bitamin A: ido da garkuwar yaro

A nan za mu daɗe, domin shi ne ya fi shafar ƴaƴanmu. A can cikin ido akwai wani sinadari da ke sa mutum ya iya gani idan haske ya yi ƙaranci, kuma da bitamin A ake haɗa shi. Idan ya yi ƙaranci, alamar farko ita ce dundumi: yaro yana gani da rana, amma da magariba sai ya riƙa tuntuɓe, yana laluben akushi. Idan abin ya ci gaba, farin ido yakan bushe, wani ɗan tabo mai kama da kumfa ya fito a kansa, daga ƙarshe baƙin idon ya yi gyambo ya lalace. Wannan makanta ba ta da magani idan ta auku. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa shi ne yara 250,000 zuwa 500,000 suna makancewa ta wannan hanya a kowace shekara, kuma rabinsu suna rasuwa cikin shekara guda bayan makantar.

Aikinsa bai tsaya ga ido ba. Shi ke kula da lafiyar shimfiɗar da ke cikin hanji da maƙogwaro da huhu, wadda take tare ƙwayoyin cuta. Yaron da ba shi da isasshen bitamin A, ƙyanda da gudawa sun fi yi masa mummunan kamu. Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya yi bincike a yankin Ace na Indunusiya, aka buga sakamakon a 1986, inda aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka raba bitamin A.

Wannan shi ne asalin ɗan ƙwanson da ma'aikatan lafiya suke yankewa su matse wa yaro a baki. Shuɗin na jariri ne mai wata 6 zuwa 11, jan kuma na yaro mai shekara 1 zuwa 5, ana maimaitawa duk bayan wata huɗu zuwa shida. A Nijar an fara haɗa rabonsa da ranakun rigakafin shan inna tun ƙarshen shekarun 1990. Abin da ke cikinsa mai ne da bitamin A, irin wanda yake cikin hanta da gwaiduwar ƙwai, an tattara shi ne wuri guda domin hantar yaro ta ajiye shi na watanni. Uban da ya hana ɗansa wannan ɗigo saboda jita-jitar da bai bincika ba, ya tauye wa yaron haƙƙinsa.

A abinci kuwa ana samunsa a hanta, ƙwai, madara, man shanu da manja. Akwai shi kuma ta wata siga a karas, kabewa, mangwaro nunanne, gwanda, dankali mai jan ciki, da ganyaye masu duhun kore irin su zogale da alayyafo da rama. Na tsirrai yana buƙatar ɗan mai kafin hanji ya tsotse shi, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa abinci ne mai hikima. Dakashi, wato nonon farko mai launin ɗorawa da wasu iyaye mata suke matsewa su zubar, yana cike da bitamin A. A bar jariri ya sha.

Gargaɗi ɗaya: ƙwanson yara ba na mai ciki ba ne. Bitamin A mai yawa a farkon ciki yana iya nakasa ɗan tayi.

Bitamin D: rana da ƙashi

Bitamin D ya sha bamban da sauran, domin fatar mutum tana haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye. Aikinsa shi ne taimakon hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam, wanda da shi ake gina ƙashi da haƙori. Rashinsa yana sa ƙashin yaro ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe ko su yi gwame, babba kuma ya riƙa fama da ciwon ƙashi da kasala a cinyoyi.

Mutum zai ce ai mu rana ta ishe mu. Gaskiya ne ga manomi da ɗan kasuwa. Amma likitoci sun sami ƙarancinsa sosai a ƙasashen Larabawa masu zafin rana, musamman ga matan da suke wuni a cikin ɗaka. Hasken da ya ratso ta gilashi ba ya wannan aiki, kuma baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da farar fata. Maganin wannan yana cikin tsarin gidajenmu: tsakar gida wuri ne da mace take cikin sutura daga idon baƙo, za ta iya zama da hantsi rana ta taɓa hannuwanta da ƙafafunta. Tsofaffi da marasa lafiyar da suka daɗe a kwance su ma a riƙa fito da su.

Akwai wani abin lura. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yawancin yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe a can ƙarancin kalsiyam ne a abincinsu ya fi damunsu, kuma sun warke da aka ba su shi. Saboda haka rana kaɗai ba ta wadatar ba, yaron da aka yaye yana buƙatar nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.

Bitamin K: jariri da zubar jini

Bitamin K ne ke taimakon hanta ta haɗa abubuwan da ke daskarar da jini idan an yi rauni. Henrik Dam, masani ɗan Denmak, shi ya fara gano alamarsa a 1929. Babba ba ya cika rasa shi, domin yana cikin ganyaye, kuma ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji suna haɗa wani kaso. Jariri kuwa ana haihuwarsa da kaɗan ne, nonon uwa ma ba shi da shi da yawa. Don haka wasu jarirai sukan yi zubar jini ta cibiya ko ta hanji a makon farko, wasu kuma a cikin ƙwaƙwalwa bayan ƴan makonni. Allura guda ta miligiram 1 da ake yi wa jariri ranar haihuwa tana kare wannan.

Ku dubi yadda abin ya haɗu da al'adunmu: a daidai wannan makon ne ake kiran wanzami ya cire belu ko ya yi tsaga, wasu kuma suna yin kaciya. Cire belu al'ada ce, ba umarnin addini ba ne, kuma likitoci suna hana shi saboda zubar jini da shigar cuta. Wadda ta haihu a gida, a kai jaririnta asibiti a ranar ko washegari domin wannan allura da sauran rigakafi, kada a jira sai bayan suna.

Bitamin E kuwa yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, yana cikin gyaɗa da riɗi da man girki, kuma da wuya mai cin abinci irin namu ya rasa shi.

Dangin B

Bitamin B1 yana cikin dusar hatsi da wake da gyaɗa. Rashinsa ne ke kawo cutar da Eijkman ya gani, wadda likitoci suke kira beriberi. Sunan ba shi da alaƙa da ƴan'uwanmu Barebari, ana jingina shi ne ga harshen mutanen Siri Lanka. Tana kawo mutuwar ƙafafu da kumburi da raunin zuciya, kuma tana ɓulla inda mutane suka dogara da farar shinkafa kaɗai, kamar yadda ta faru a babban gidan kason Abijan tsakanin 2002 da 2003. Masu kula da makarantun kwana da malaman da ke riƙe da almajirai su lura da wannan. Shinkafar gumi, wadda aka turara kafin a sussuke, ta fi riƙe bitamin ɗinta, kuma garin ɗanyen hatsin da ba a surfe shi fes ba ya fi amfani.

Bitamin B3, rashinsa yana kawo cutar da ke sa fata ta yi baƙi ta yi kaushi a wuya da bayan hannu, inda rana take taɓawa, tare da gudawa da ruɗewar hankali. Tana bin mutanen da masara ce kaɗai abincinsu, kuma ta kama dubban ƴan gudun hijirar Mozambik a Malawi a 1990. Gyaɗa da wake da kifi suna kare ta. Gidan da ya koma tuwon masara safe da dare, ya kula da abin da ke cikin miyarsa.

Bitamin B9, wanda ake kira folik asid, yana cikin ganyaye da wake da hanta. Wata likita ƴar Ingila, Lucy Wills, ita ta bi sawunsa a 1931 lokacin da take binciken ƙarancin jini ga mata masu ciki a birnin Bombay na Indiya. Lakar bayan ɗan tayi da ƙwaƙwalwarsa suna fara haɗuwa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san tana da shi ba. Ƙarancin B9 a wannan lokaci yana iya sa a haifi yaro da buɗaɗɗen gadon baya. Shi ya sa ake son macen da ke sa ran ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 a kullum, kuma ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo tana haɗe da shi da sinadarin ƙarfe. Miji ya bar matarsa ta je awo da wuri, ya kuma tambaye ta ko tana sha. Idan tana azumi, ta sha bayan buɗa baki.

Bitamin B12 yana cikin abin da ya fito daga dabba kaɗai: nama, kifi, ƙwai, nono. Hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka rashinsa yana zuwa a hankali, da ƙarancin jini da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa da yawan mantuwa. Tsofaffi da masu ciwon suga da suka daɗe suna shan maganin metformin sun fi shiga wannan haɗari. Mai shan maganin tarin fuka kuma akan haɗa masa da B6 domin kare jijiyoyinsa, kada ya ɗauke shi ƙari ne marar amfani.

Bitamin C

Shi ne maganin cutar matuƙan jirgi. Da shi jiki yake haɗa abin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, yana kuma taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. Yana cikin gwaiba, lemo, mangwaro, gwanda, tumatir, tattasai da ƴaƴan kuka. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana rage tsotsar ƙarfen, don haka mai ƙarancin jini ya jinkirta shayinsa kamar awa guda bayan cin abinci. Bincike bai nuna cewa shan ƙwayarsa yana hana yawancin mutane kamuwa da mura ba, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta.

Abin da ke salwanta a madafa

Sau da yawa bitamin yana shigowa gida daga kasuwa, amma ba ya isa ciki. Doguwar dahuwa tana kashe bitamin C da B9. Tafasa ganye a zubar da ruwan yana tafiya da masu narkewa a ruwa. Kanwa da ake zubawa a miya ko wake tana lalata B1 da C, don haka a rage ta, a jiƙa wake tun dare domin ya yi saurin nuna. A wanke ganye kafin a yanka, a sa shi a tukunya daga ƙarshe. Idan za a shanya zogale ko kuka domin ajiya, a shanya a inuwa, domin rana tana cinye bitamin A da ke ciki. Wurin sayen mai da fulawa a duba alamar da ke nuna an ƙara musu bitamin: a Nijar da maƙwabtanta masu amfani da sefa akwai tambarin ENRICHI, a Nijeriya kuma hoton ido.

Ƙwayoyin kasuwa

Abin da ake sayar wa ƴanmata da amare a matsayin bitamin na ƙiba, wanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, yawancinsa ba bitamin ba ne. Wani maganin ƙaiƙayi ne da ke buɗe ciki yana sa barci, wani kuma deksametazon ne, magani mai ƙarfi da ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana shansa ma bai kamata ya daina rana ɗaya ba sai da kulawar likita. Mai sayar da shi da sunan bitamin ya haɗa algus da cutarwa.

Ko bitamin na gaskiya, yawansa ba alheri ba ne. A wani babban bincike a ƙasar Finlan da aka buga a 1994, an ba maza masu shan taba ƙwayar sinadarin da ke cikin karas, sai ciwon dajin huhu ya ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin ɗari. Ƙwayar bitamin tana da masu ita: ƙananan yara, masu ciki, masu fama da tamowa, da wanda likita ya auna ya ga yana da buƙata.

Abin da ya rage gare mu

Mai gida ya sani cewa cika rumbu da hatsi bai gama ciyarwa ba sai an kula da miya. Kuɗin da za a kashe a kan kwalbar maganin ƙiba zai sayi ƙwai da wake da ganye na kwanaki. A daina fifita akushin manya da nama da hanta, a bar yaro da mai ciki da romo, alhali su ne suka fi buƙata. A shuka zogale ko gwanda a bayan ɗaki inda ruwan alwala yake kwarara. Limamai da ladanai su sanar da ranakun rabon bitamin A bayan salla, ɗalibai kuma su karanta wa iyayensu mata wannan bayani a gida. Wanda ya ga ɗansa yana tuntuɓe da magariba, ko idonsa ya bushe bayan ƙyanda, ya kai shi asibiti a ranar, kada ya kwana yana jira.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.